Agogon Lakwal da Agogon Garke: Jawabi ga Makiyaya da 'Yan Kasuwar Shanu na Sokodé da Dapaong



Ranku ya daɗe ardo-ardo da sarakunan Fulani, sarakunan zango da sarakunan tike, malamai, dillalai da fatake, da iyayenmu mata da ke zaune a wancan gefe, ina gaishe ku baki ɗaya. Waɗanda suka taso daga Dapaong da Cinkassé da Koundjoaré suka iso nan Sokodé, sannunku da hanya. Tafiyar kusan kilomita 300 ba ƙaramin abu ba ce ga mutumin da ya baro dabbobi a hannun yara.

An ce in yi magana a kan karatun 'ya'yanmu. Na san kunnuwanku sun gaji da jin "ku sa yara makaranta", domin ba wani baƙo da zai zo ruga da mota bai faɗe ta ba. Ni tambayar da na zo da ita ƙarama ce: ƙarfe nawa? Ƙarfe nawa ake shiga, ƙarfe nawa ake tashi, a waɗanne watanni, kuma wa ya tsara haka? Zan bi da ku ƙasashe kaɗan mu ga yadda ɗan makaranta yake wuni a can, sa'an nan mu dawo gida mu auna.

Mu fara da namu. A mafi yawan makarantun firamare na gwamnati a nan Togo, ana shiga aji wajen ƙarfe 7:30 na safe, bayan an share fili an ɗaga tuta. A tashi wajen 11:30. Sai yaro ya sake dawowa ƙarfe 3 na yamma, a tashi ƙarfe 5. Ranar Laraba da yamma ba karatu, haka Asabar da Lahadi. Shekara tana farawa a watan Satumba, ta ƙare wajen Yuni ko Yuli. Aji shida ne, daga CP1 har CM2, a ƙarshe a zana jarrabawar CEPD. Da Faransanci ake koyarwa. Tun shekarar 2008 kuma gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta a firamarenta, ko da yake littafi da riga da alli suna nan a wuyan uba.

Wannan tsari ya yi wa ɗan cikin gari daidai. Yaron da gidansu yake Didaouré, ko a zangon Dapaong, da tsakar rana sai ya ruga gida ya ci tuwo, ya ɗan kwanta a inuwa, ya koma. Wahalarsa ta wani wuri ce. Da asuba yana gaban malam da allonsa, da safe lakwal, da yamma lakwal, bayan magariba ya koma allo, ranar kasuwa kuma baba na son ya zo tike ya riƙe igiya. Ku fatake kun san wannan yaro, gajiya ce ke damunsa. Amma duk da haka yana samun karatun biyu.

To, ku ɗauki wannan agogo ku kai shi ruga. Gari na wayewa tatsa ce. Sai an saki maraƙi daga dangwali ɗaya bayan ɗaya, a bar shi ya ɗan tsotsa, a janye shi, a tatsa, kuma yaro ne mai riƙe maraƙin. Ba a gamawa sai rana ta ɗaga. Da damina ma ba a korar garke sai raɓa ta bushe. Ke nan lokacin da mushe yake kiran suna a aji, lokacin ne hannu ya fi tsada a ruga. Bayan an kora, akwai maruƙa da tumaki da awaki, su ma na ƙananan yara ne. 'Yan mata kuwa sun ɗauki ƙwarya sun nufi gari da nono, ba su dawowa sai la'asar.

Sai kuma nisa. Ba a kafa ruga a gindin makaranta, saboda makaranta tana tsakiyar gonaki. A ce tsakani kilomita 4 ne. Yaron da zai bi tsarin nan yadda aka rubuta shi zai yi sawu huɗu a rana, kilomita 16 ke nan, biyu daga cikin sawun nan a tsakiyar rana. Wanda ya san zafin Maris da Afrilu a Dapaong ya san ba ɗan shekara 7 da zai jure. Saboda haka sai ya zauna a gindin mangwaro daga 11:30 har ƙarfe 3, cikinsa ba komai, ko kuwa ya tafi gida ya ƙi dawowa. Da ya yi haka sau goma sai a rubuta cewa ba ya son karatu. A ƙarshen shekara ya maimaita aji, shekara ta biyu uban ya ce ai gara ya bi shanu. Ni ban ga laifin uban nan sosai ba, lissafi ya yi.

Watannin ma haka suke. Dogon hutu yana faɗawa a Yuli da Agusta, wannan ya taimaka. Amma ana komawa a Satumba, alhali dawa da gero da auduga suna tsaye a gona, wasu har Disamba. Kowa a nan ya san a wannan tsakani ne ɓarna take aukuwa, a nan ne ake kai mutum gaban sarki ko jandarma, a nan ne garke yake bukatar ido huɗu maimakon biyu. Ana gama kaka sai rani ya shigo, ruwa ya janye, masu tafiya su tafi. A shekarun baya gwamnati kan buɗe wa garkunan ƙetare hanya daga ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen Mayu, namu na cikin gida ma a watannin nan suke gangarawa neman ruwa. Su dawo, jarrabawa ta ƙarato.

Wa ya tsara wannan agogo? Gadon Faransa ne. A can ɗan firamare yana yin awa 24 a mako, da hutun cin abinci a tsakiyar rana, kuma a yawancin garuruwa ba ya zuwa ranar Laraba. Ga abin da nake so ku riƙe: a shekarar 1882, da Faransa ta yi dokar tilasta karatu, sai ta bar rana guda a mako, ban da Lahadi, don iyaye su kai 'ya'yansu karatun addini. Alhamis ce a da, a 1972 aka mayar da ita Laraba. Ashe hutun Larabar da yaranmu suke yi a Sokodé asalinsa wata yarjejeniya ce tsakanin gwamnati da iyaye a wata ƙasa mai nisa. Jamusawa ma, waɗanda suka riƙe ƙasar nan har 1914, a can gida hutun kakarsu sunansa hutun dankali, saboda a da ana sallamar yara su je su taya iyaye tono. Mutane ne suka zauna suka duba aikinsu suka yanka lokaci. Mu ne dai ba a tambaye mu ba.

Mu leƙa Najeriya, inda da yawanku kuke kai shanu. A Kano ko Katsina ɗan firamare zuwa ɗaya yake yi. Ya shiga wajen ƙarfe 8, ya tashi bayan azahar, shi ke nan. Da la'asar ya tafi Islamiyya har kusan magariba. Da ma ta allo hutunta Alhamis da Juma'a ne. Wannan zuwa ɗaya kaɗai, ba tare da an ƙara komai ba, ya rage wa ɗan nesa rabin tafiya. Bugu da ƙari, a 1989 gwamnatin ƙasar ta kafa hukumar ilimin makiyaya da doka mai lamba 41, hedkwatarta a Kaduna. An yi azuzuwan tanti da ake naɗewa a bi ruga da su, an yarda a karkasa yara wasu da safe wasu da yamma don kada garke ya rasa mai bi. Daga 1996 kuma aka fara shirin "Don Makiyaya a Ruga" a Rediyon Kaduna, wanda dattawan da ke nan da yawa sun saurara. Ba zan ce muku komai ya tafi daidai ba. Tantuna sun yage, malaman da aka turo daga birni da yawa ba su zauna ba, akasarin makarantun kuma sun koma na zaune wuri ɗaya. Amma an rubuta a dokar ƙasa cewa ɗan makiyayi yana da hakkin a tsara masa karatu daidai da rayuwarsa, kuma wanda yake da takarda irin wannan a hannu ya fi ƙarfin magana a ofis.

Abin da ya fi kusa da mu yana Gana, kuma a kansa nake so in daɗe. A 1995 aka fara wani shiri a arewacin ƙasar, wajen Tamale, sunansa School for Life, da taimakon mutanen Denmark. Ana ɗaukar yara 25 a aji, 'yan shekara 8 zuwa 14, wato waɗanda lakwal ta riga ta wuce su. Karatun awa 3 ne a rana, galibi da yamma, kuma mutanen ƙauye ne suke zaɓar lokacin da ranakun hutu, su kauce wa ranar kasuwarsu. Mai koyarwa ɗan garin ne. Da harshen gida ake yi. Cikin wata 9 yaro ya iya karatu da rubutu da lissafi, sai a miƙa shi makarantar gwamnati ya shiga tsakiyar firamare. Yinin wannan yaro ga yadda yake: da safe yana gona ko bayan dabbobi, ya dawo ya ci abinci, ya wanke ƙafa, ya je aji, kafin duhu yana gida. Uban bai yi asarar hannu ba. A wajen Bawku ma, nan bayan Cinkassé, ƙungiyar ActionAid ta buɗe makarantun yara masu kiwo a tsakiyar shekarun 1990 a kan irin wannan tunani. Mutanen Dapaong, wannan ba labarin bayan teku ba ne, ƙasa ɗaya ce da taku, ruwa ɗaya, ciyawa ɗaya.

A Karamoja ta ƙasar Yuganda, inda mutane ba su da dukiyar da ta wuce saniya, an fara irin wannan a 1998: darasi da sassafe kafin a kora, wani kuma da yamma bayan an dawo, a gindin itace kusa da gida.

Sai Iran. A can akwai makiyayan tumaki da ake kira Kashkai, masu hawa duwatsu da bazara su sauko da hunturu. Wani ɗansu, Muhammad Bahmanbegi, wanda ya yi karatun shari'a a Tehran, shi ya kafa musu makarantun farin tanti a shekarun 1950. Tantunan mutanen baƙaƙe ne, na gashin akuya, saboda haka in ka hango fari ka san makaranta ce. Dabararsa ita ce malamin ya zama ɗan kabilar, ya tashi in an tashi, ya sauka in an sauka. A 1957 aka buɗe makarantar horar da irin waɗannan malamai a Shiraz. Karatu a masauki ake yi, lokacin ƙaura kuwa shi ne hutu. A ganina wannan ya fi kowane tsari dacewa da mai tafiya, amma yana da sharaɗi mai nauyi: sai kuna da 'ya'yanku da suka yi karatu har suka isa koyarwa, suka kuma yarda su dawo daji. Wannan ba ya samuwa sai an fara sadaukar da wasu yaran su bi lakwal har ƙarshe.

Na san wasu za su ce a gina makarantar kwana a huta. To ku ji na Mongoliya. Ƙasar makiyaya ce, ta bi hanyar makarantun kwana, har kusan kowa ya iya karatu. Yaro ya bar gida a Satumba, yana kwana a makaranta, gwamnati na ciyar da shi. Amma a lokacin dabbobin na ƙungiyoyin gwamnati ne, kuma sai yaro ya kai shekara 8 yake tafiya, ya riga ya san kiwo. Da aka raba dabbobi ga masu su bayan 1990, sai iyaye suka fara janye yara maza. Daga 1996 zuwa 2000 kuma aka ce kowane uba ya kawo kilo 70 na nama a shekara a kan kowane ɗa mai kwana. Talakawa suka kasa, yara suka koma gida, dole aka soke. A 2008 aka mayar da shekarun shiga 6, sai ga iyaye mata suna ƙaura zuwa gari don su zauna da ƙananan yara, maigida shi kaɗai a daji da garke. Wanda zai nemi makarantar kwana ya fara tambaya wa zai ciyar, har shekara nawa, kuma wa zai kwana da 'yan matan.

Na Ostireliya ba zan tsaya a kansa ba. Tun 1951 suke koyar da 'ya'yan masu garkunan nesa ta rediyo daga garin Alice Springs, yanzu ta intanet. Sai dai darasin na ɗan lokaci ne, sauran yinin uwa ce ko wata mai ilimi take zaunar da yaro a gida. In ba mai karatu a rugar, waya ba ta koyar da kowa.

Yanzu mu dawo gida. Kada wani ya tashi daga nan da zaton cewa makarantar awa 3 ta isa. Gada ce kawai. Yaron da bai ƙetara ya shiga ta gwamnati ya sami CEPD ba, ba zai zama likitan dabbobi ba, ba zai zauna a ofishin magajin gari ranar da ake yanka burtali ba. Irin waɗannan makarantu kuma da yawansu suna mutuwa ranar da mai ba da kuɗi ya naɗe tabarmarsa. Haka nan ba kowane tsari ne zai yi a ko'ina ba. Tun harin da aka kai a Kpendjal a Nuwamban 2021, da dokar ta-ɓacin da aka sa a yankin Savanes a Yunin 2022, an rufe wasu makarantu, iyalai da yawa sun taso sun matso Dapaong. A irin wannan wuri ba mai hankalin da zai ce yaron Fulani ya kama hanya da duhun asuba ko bayan magariba. A can karatun rana tsaka ya kamata a nema. A nan yankin Sokodé kuwa na yamma zai yiwu.

Abin da nake ganin ya fi sauƙin samu shi ne zuwa ɗaya a makarantun da 'ya'yan ruga suke da yawa: a shiga bayan tatsa, a yi karatu a jere da ɗan hutu, a tashi da la'asar sakaliya ko kafin nan, awoyin gwamnati su cika ba a rage ko ɗaya ba. Wannan ba ya cin bulo ko kwano. In ba a yarda ba, to a nemi a sa makarantar cikin shirin ciyar da yara, wanda ƙasar nan ta yi masa doka a 2020, don mai zaman gindin mangwaro ya sami abin sa wa a ciki. Sai kuma takardar canjin makaranta ga yaron da iyayensa suka gangara da rani, don ya zauna a ajin inda suka sauka maimakon ya yi asarar wata huɗu. Da mataimakin malami mai jin Fulatanci ko Hausa a CP1, domin yaron da aka yi wa magana da Faransanci ranar farko, abokan zamansa kuma suna Kotokoli ko Moba, kurma ne a aji.

Ba a samun waɗannan daga ruga. Kowace makaranta tana da ƙungiyar iyayen yara, a nan ake magana da darakta, daga nan ta hau zuwa sufeto. Ku gaya mini, ardo nawa ne a cikinku yake zuwa wannan taro? Manoman ƙasar nan ba su jira ba. A shekarun 1990, da gwamnati ta gaza, ƙauyuka suka kafa makarantunsu da ake kira EDIL, suna biyan malami da kuɗi ko da hatsi, daga baya gwamnati ta karɓi da yawa. A Gogounou ta ƙasar Benin kuma makiyaya da 'yan kasuwa sun karɓi tafiyar da kasuwar shanunsu, daga kuɗin da ake cira a kan kowace dabba suna ayyukan jama'a, har da karatu. Sarakunan tike, wannan taku ce. Albashin mataimakin malami na shekara bai kai kuɗin bijimi biyu ba.

Akwai abu guda da yake kayar da yaro ko da an gyara agogo, shi ne takardar haihuwa. Ba a rubuta sunan yaro a jarrabawar CEPD sai da ita. Doka ta ba da kwana 45 daga haihuwa a kai sanarwa, kuma tun Janairun 2022 kyauta ake bayarwa. In kwanakin suka wuce sai an bi ta kotu, da kuɗi da shaidu da zirga-zirga. Iyayenmu mata, ku kuka san ranar da aka haifi kowa. Ranar suna, kafin a raba nama, a sa wani ya ɗauki nauyin zuwa ofishin.

Ga aikin da nake roƙo a yi kafin mu sake haɗuwa. Kowane ardo ya sami mai rubutu, ko da ajami ne, ya rubuta mana yara nawa ne a rugarsa tsakanin shekara 6 da 14, maza da mata, nawa ke zuwa lakwal, nawa ke da takardar haihuwa, tafiyar minti nawa ce zuwa makaranta mafi kusa, ƙarfe nawa ake gama tatsa da damina da kuma rani, da watannin da ba ku nan. A miƙa wa magatakarda. Na Tchaoudjo a haɗa su wuri ɗaya, na Tône da Kpendjal wuri ɗaya, da su za mu shiga wurin sufeto.